Kwana Ya Ƙare, Ko Amana Aka Ci?

(Jawabin da wani tsohon ɗalibi, ma'aikacin jin daɗin jama'a, ya gabatar a taron ƙungiyar ɗalibai a Birnin Kebbi. Mun buga shi kamar yadda ya ba mu a rubuce.)



Ran da sakataren ƙungiyarku ya kawo mini takardar gayyata, aka ce in yi magana a kan mutanen da ke mutuwa a gidajen kula da tsofaffi saboda cin zali da sakaci, wani abokin aikina ya leƙa takardar ya yi dariya. Ya ce, "Wannan ai zancen Turawa ne. Mu nan Kabi wa zai ɗauki uwarsa ya kai wa bare ya yi mata jinya?" Ban yi masa musu ba, na dai roƙe shi ya zo ya saurara, ga shi can kuwa ina hangensa a kujerun baya. Maganarsa tana da ƙamshin gaskiya. Irin gidajen nan da ake biya wata wata a ajiye tsoho ba su yawaita a ƙasarmu ba tukuna. Ikko tana da nata a Yaba da waɗansu unguwanni, Kano tana da gidan gajiyayyu na gwamnati a Shahuci, amma daga Argungu har Yawuri mafi yawan tsofaffinmu a ɗakunansu suke ƙare kwanansu. Sai dai abin da ke kashe tsoho a waɗancan gidaje na ƙasashen waje ba ginin ba ne. Abu uku ne ke haɗuwa: mutum marar ƙarfi, da ƙofa a rufe, da rashin mai tambaya. Waɗannan kuwa muna da su, har ma sun yi mana yawa.

Bari in fara da kaina, don kada a ce na zo in nuna wa wani yatsa.

Ina da gwaggo, yayar mahaifina, a wani ƙauye na masunta a ƙasar Argungu. Ita ta goye ni. Mace ce mai ƙarfi, wadda ta yi shekara arba'in tana bandar kifi tana kaiwa kasuwa, ba ta taɓa kwanciya asibiti ba. Wata rana da kaka aka wayi gari ɓarin jikinta na dama ya shanye, bakinta ya karkace. Aka kai ta asibiti, aka ba ta magani, aka dawo da ita gida. 'Ya'yanta maza biyu suna kudu wajen neman abinci, ta macen tana aure nesa, ni kuma ina nan Birnin Kebbi, tafiyar da ba ta fi sa'a guda a mota ba. Muka yi shawara, muka haɗa kuɗi, kowane wata ina aikawa. Aka sa wata jikarta, yarinya 'yar shekara goma sha uku, ta riƙa kula da ita. Ni kuwa na kwanta da zuciya ɗaya, ina ganin na sauke nauyi tun da ban taɓa fashin aike ba. Duk sa'ad da na buga waya aka ce, "Jiki da sauƙi," sai in ce alhamdu lillahi in koma kan fayil.

Wata huɗu ban je ba. Da na je, cikin bazara, tun daga bakin ƙofar ɗakin wari ya tare ni. An rufe taga da tsumma wai don kada iska ta shige ta. Tana kwance a tabarma, a gefe guda, yadda aka kwantar da ita tun ba a san ranar ba. Ga ƙwaryar fura a kusa da ita, amma a wajen hannun da ya mutu. Da muka juya ta, ni da matar ƙanena, muka ga gyambo a kwatangwalo wanda ɗan yaro zai iya sa dunƙulen hannunsa a ciki. Ta buɗe ido ta gane ni, ta ce, "Ɗana, ka zo?" Ba ta kai ƙarar kowa ba. Kwana shida bayan wannan ta cika a asibiti. Muka yi mata sutura kafin azahar, masu gaisuwa suka yi ta shigowa suna cewa kwana ya ƙare, mu kuma muna amsawa. Ba wanda ya buge ta, ba wanda ya zage ta. Yarinyar nan ta yi iyakar abin da ta sani, ba kuwa wanda ya taɓa nuna mata yadda ake juya majinyaci. In akwai mai laifi a cikin wannan labari, to, shi ne yake tsaye a gabanku.

Na kawo wannan ne domin ku gane yadda sakaci yake kisa, gama ba ya kisa da ihu. Mutumin da ba ya iya motsi, in ya daɗe a kwance ta gefe ɗaya, nauyin jikinsa yakan danne jijiyoyin jini a inda ƙashi ya kusanci fata, watau kwatangwalo da ƙugu da diddige da kafaɗa. Jini ya daina isa wurin, nama ya fara mutuwa daga ciki. Da fari wani ja ne ko duhu kawai za a gani a fata, wanda a jikin baƙin mutum ma da wuya a lura da shi. Daga nan sai ya fashe. In fitsari da bayan gida suna taɓa shi, ƙwayoyin cuta su shiga, su bi jini, zazzaɓi ya rufe mutum, shi ke nan. Maganin wannan kuwa ba ya bukatar ko sisin kwabo: a juya majinyaci kamar kowace sa'a biyu, a tsane masa jiki, a sa masa abu mai laushi. Haka kuma ƙishirwa. Tsoho ba ya jin ƙishi kamar yaro, jikinsa na iya bushewa bai nemi ruwa ba, balle wanda harshensa ya yi nauyi. Ku da kuka san Birnin Kebbi a watan Afrilu da Mayu, sa'ad da zafi ke haura digiri 40, ku auna tsohon da ke kwance a ɗakin kwano, taga a toshe. Kwana kaɗan ƙoda ta gaza, hankali ya gushe, sai a ce gigin tsufa ne. Akwai wanda ake ɗura wa kunu yana kwance rigingine, ya ƙware, kunun ya gangara huhu, bayan kwana uku ciwon huhu ya ɗauke shi. Akwai wanda ake dirka wa maganin barci don ya bar mutane su huta, ya tashi cikin magagi ya faɗi ya karya ƙashin ƙugu, daga wannan kwanciya ba ya sake tashi. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan, in ka ga gawar, sai ka rantse tsufa ne kawai.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cikin mutanen da suka kai shekara 60, kusan ɗaya cikin shida yakan gamu da wani nau'in cin zali a cikin shekara guda, a gida ko a unguwa. A gidajen kula da tsofaffi kuwa, binciken da hukumar ta dogara da shi ya nuna kusan biyu cikin uku na ma'aikata sun amsa da bakinsu cewa sun aikata wani abu na cin zali a cikin shekarar da ta gabata. Ku lura, ba tsofaffin ne suka yi ƙara ba, ma'aikatan ne suka faɗa.

To, me ke faruwa in aka tara irin waɗannan raunana ɗari ko dubu a hannun hukuma ko kamfani? Zan ɗauki misali daga nahiyarmu, don abokina na baya ya daina cewa zancen Turawa ne.

A lardin Gauteng na Afirka ta Kudu, inda birnin Johannesburg yake, gwamnati ta daɗe tana biyan wani kamfani mai suna Life Esidimeni domin ya riƙe masu taɓin hankali da naƙasassu waɗanda ba za su iya zaman gida ba, da yawansu sun manyanta. Ma'anar sunan ma wai wurin mutunci. A 2015 ma'aikatar lafiya ta lardin ta ce kuɗin ya yi yawa, za ta soke kwangilar. Likitoci suka yi gargaɗi, iyalai suka yi kuka, har kotu aka je, ma'aikata ta toshe kunne. A cikin 2016 aka kwashe majinyata wajen 1,700, aka rarraba mafi yawansu ga ƙananan ƙungiyoyi masu zaman kansu. An ɗebi waɗansu a bayan a-kori-kura kamar buhunan shinkafa, waɗansu ba fayil, ba magani, ba a ko sanar da danginsu inda aka kai su ba. Kamfanin farko ana biyansa kimanin rand 320 a kan kowane mutum a rana, sababbin masu riƙon kuwa aka yanka musu rand 112. Mai binciken ƙorafin lafiya na ƙasar, Farfesa Malegapuru Makgoba, ya gano a rahotonsa na Fabrairu 2017 cewa ƙungiyoyi 27 da aka kai wa mutanen ba mai sahihin lasisi ko ɗaya. A ƙarshe aka ƙidaya mutum 144 sun mutu, da yawa saboda yunwa da ƙishirwa da sanyi da rashin magani. Akwai iyalan da sai da suka bi ɗakunan ajiye gawa ɗaya bayan ɗaya kafin su sami nasu.

Abin da nake so ku riƙe, musamman ku da za ku zauna a kujerun ma'aikatu gobe, shi ne wannan kisa da alƙalami aka fara shi. Wani ya zauna a ofis mai sanyi ya ga lamba ta yi girma, ya rage ta. Wani ya sa hannu a takardar lasisi bai je ya ga gidan ba. Wani ya karɓi wasiƙar gargaɗi ya sa ta a ƙasan tire. Ba ɗayansu da ya ɗaga hannu ya mari majinyaci. Amma abu na biyu da ya kamata ku riƙe shi ne can an yi tambaya. Tsohon mataimakin babban jojin ƙasar, Dikgang Moseneke, ya zauna ya saurari iyalai a bainar jama'a, a watan Maris 2018 ya yanke a biya kowane iyali rand miliyan 1.2. A Yuli 2024 kuma kotun binciken musabbabin mutuwa ta ce sakacin tsohuwar kwamishinar lafiya, Qedani Mahlangu, da na shugabar sashen lafiyar ƙwaƙwalwa shi ya jawo mutuwar tara daga cikin mamatan. Shekara takwas ana jan magana, amma ba a bar ta ta kwanta ba.

Ƙasashen masu arziki ma ba su tsira ba. A Kanada, a wani gidan tsofaffi mai suna Herron kusa da Montreal, da annobar korona ta shigo a watan Maris 2020 ma'aikata suka watse, jami'an lafiya suka tarar da tsofaffi cikin ƙazanta, leɓɓansu sun bushe don ƙishi. Mutum 47 suka mutu a gidan a cikin 'yan makonni, gidan da ake biyan dubban daloli a wata. A jihar Fulorida ta Amurka, a Satumba 2017, guguwa ta lalata na'urar sanyaya ɗaki a wani gidan jinya, aka bar tsofaffi kwana uku cikin zafi, likitan binciken gawa ya tabbatar zafin ne ya kashe 12 daga cikinsu, alhali ga babban asibiti a tsallaken titi da wutarsa. A Faransa, a farkon 2022, wani ɗan jarida, Victor Castanet, ya tona yadda kamfanin Orpea, ɗaya daga cikin mafiya girma a wannan sana'a, yake ƙididdige abinci da ƙyallen tsarki na tsofaffi domin riba ta ƙaru. Ba zan tsaya a kansu ba. Na ambace su ne don a san tsadar wuri da kyan fenti ba su hana kome in ba mai leƙawa.

Mu dawo gida. Na ce gidajen tsofaffi ba su yawaita a wurinmu ba, amma gidajen da ake kai mutum a ajiye a rufe ƙofa, waɗannan mun daɗe da su, mun kuma san sunansu: gidan mari. A ƙarshen Satumba 2019 'yan sanda suka shiga wani gida a Rigasa ta Kaduna suka fito da mutum wajen 300, manya da yara, da yawa da mari a ƙafa, bayansu duk tabon bulala. Ba a yi wata guda ba aka buɗe wani a Daura, inda aka sami mutum 67 a ɗaure, sai wani a cikin birnin Katsina, sai Zariya. Waɗansu daga cikin waɗanda aka ceto a Daura sun shaida wa manema labarai cewa sun ga 'yan'uwansu sun mutu a ciki. Su wane ne waɗannan mamata? Nawa ne? Me aka gaya wa iyayensu? Ina jin kun san amsar da aka ba iyayen, domin ita ce amsar da muka ba masu gaisuwar gwaggona. Kada kuma mu manta, mutanen nan ba sato su aka yi ba. Danginsu ne suka kai su da hannunsu, suna biyan kuɗi, saboda shaye-shaye ko taɓin hankali ko ƙiriniya, don sun rasa inda za su nufa. A watan Nuwamba na wannan shekara ƙungiyar Human Rights Watch ta ba da rahoton wurare 28 da ta ziyarta a jihohi takwas da Abuja, ta tarar ana ɗaure masu taɓin hankali da sarƙa a mafi yawansu, har da na gwamnati, da na Musulmi da na Kirista da na masu maganin gargajiya. Ba wanda zai yi wa wani gori.

A nan garin namu kuwa, ba sai na tuna muku da Agusta 2020 ba, sa'ad da aka fito da wani yaro maraya ɗan kimanin shekara goma daga turken dabbobi a gidan ubansa, inda aka ce ya yi wajen shekara biyu a ɗaure, ƙafafunsa sun kasa ɗaukarsa. Allah ya yi da sauran kwanansa. A cikin watan nan dai aka kwance wani mutum a Rogo ta jihar Kano wanda aka ce ya yi shekara talatin a ɗaure a gidansu saboda taɓin hankali, shi kam bai yi kwanaki da fitowa ba ya rasu. Tambayar da ta dame ni game da yaron nan namu ita ce: shekara biyu, a cikin unguwa, gida a jikin gida, ba maƙwabcin da ya ji? An ji mana. Amma an ce harkar gidan wani ce, kuma wai abin da babba ya yi a gidansa ba a sa masa baki. In yaro mai kuka da murya ya yi shekara biyu haka, ina ga tsohuwar da harshenta ya karye?

Akwai kuma wani abin da ban so in wuce ban taɓa ba. Tsohuwar da ƙwaƙwalwarta ta fara lalacewa takan manta sunan 'ya'yanta, ta fita tsakar dare tana neman gidan ubanta da ya rushe tun zamanin En'e, ta yi ta sambatu da matattu. Wannan ciwo ne sananne a likitance. Amma sau nawa muka ji an ce mayya ce, tana tone-tonen waɗanda ta ci? Daga ranar da aka laƙa mata wannan suna, an halatta wa kowa ya guje ta, a kulle ta, a riƙa tura mata abinci ta ƙarƙashin ƙofa. In ta mutu har a sami mai cewa an huta.

Gidajen tsofaffi na kuɗi kuwa suna nan tafe, ko mun so ko mun ƙi, kuma ku ne za ku kawo su. A da, gandu ɗaya yakan tara uba da 'ya'ya da matansu da jikoki, hannuwa ashirin a kan tsoho guda, wannan ta dama kunu, wannan ta yi wanka, wancan ya fitar da shi inuwa da hantsi. Yanzu gandu ya watse. Kai kana Abuja, ƙanenka yana Fatakwal, matarka ma'aikaciya ce tana fita ƙarfe bakwai, gidan haya ɗaki biyu ne. Tsofaffi kuma suna ƙara yawa, suna daɗa rayuwa da hawan jini da ciwon sukari da shanyewar jiki, cututtukan da ba sa kisa nan take, sai dai su kwantar da mutum shekara da shekaru. Duk inda bukata ta haɗu da albashi, ɗan kasuwa zai kafa rumfa. Ba na cewa wannan mugun abu ne. Gidan da ke da ƙwararrun masu jinya ya fi ɗakin da gwaggona ta kwanta sau dubu. Tsorona shi ne su zo su same mu da halinmu na yanzu, watau mu biya kuɗi mu juya baya, in an kira mu an ce ta cika mu ce kwana ya ƙare.

Wannan kalma ina so mu dube ta da kyau, don na san akwai wanda zuciyarsa ta fara cewa malamin nan yana ja da ƙaddara. Ko kusa. Ba mai mutuwa sai kwanansa ya ƙare, wanda aka soka wa wuƙa ma kwanansa ne ya ƙare, amma ba a taɓa jin alƙali ya sallami mai wuƙar saboda haka ba. Malamanmu na Malikiyya ba su bar wannan a duhu ba. A cikin Muhtasar na Shaihu Halil, littafin da alƙalan Gwandu da Argungu suka yi ta hukunci da shi tun kafin zuwan Turawa, an lissafa hana mutum abinci har ya mutu a jerin hanyoyin kisan ganganci, kafaɗa da kafaɗa da shaƙewa. An kuma ɗora lamuni a kan wanda yake da rarar abinci ko ruwa ya hana wanda ke cikin matsuwa har ya halaka. Dokar finalkod da muka gāda daga tsohuwar Jihar Arewa ita ma ta san kisan da ganganci ko sakaci ya jawo. Ashe dai shari'a ba ta ɗauki bari a matsayin ba kome ba. Mu ne muka mai da kalmar haƙuri ta zama murfin tukunya. An yi ta ne domin ta sanyaya zuciyar wanda aka yi wa rashi, sai ga shi wanda ya yi sakacin shi ke riga kowa faɗinta.

Abin da ke taimakon wannan rufa-rufa shi ne ba ma rubuta mutuwa. Tun 1992 akwai dokar da ta wajabta rajistar haihuwa da mutuwa a hannun Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, amma mutuwar da ake rajista ba ta wuce kamar ɗaya cikin goma ba. Muna gaggauta sutura, wannan kuwa daidai ne, addini ne. Sai dai gaggawar ba ta hana a ce wanda ya mutu a hannun wasu, a gidan mari ko gidan gajiyayyu ko gidan jinya na kuɗi, sai ma'aikacin lafiya wanda ba ya cin albashin gidan ya duba jikinsa ya rubuta abin da ya gani kafin a yi wanka. Aikin rabin sa'a ne, ba ya bukatar a tsaga kowa. Gyambon kwanciya ba ya ɓoyuwa, sawun mari ba ya ɓoyuwa, ramar yunwa ba ta ɓoyuwa. Masu wankan gawa sun daɗe suna ganin waɗannan abubuwa, suna yin shiru saboda an hore su da rufa asirin mamaci. Rufa asirin mamaci daban, rufa asirin wanda ya wulaƙanta shi daban, ina kuwa roƙon malamanmu su bayyana wa jama'a wannan bambanci a kan mumbari.

Dokoki kam an yi. A Janairu 2018 aka sa hannu a dokar kafa Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa, ta fara aiki a 2021. A farkon 2023 aka sanar da sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta kuma ba majinyaci haƙƙin kada a wulaƙanta shi. Amma doka a Abuja take kwana in ba a sami wanda zai ɗauko ta ya kawo ta Kamba ko Kangiwa ba. Ga kuma uzurin da iyalai suke da shi na gaskiya: mutumin da ɗansa ya haukace a ƙauyen Arewa ko Dandi, babban asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ya fi kusa da shi yana Kware, gaba da Sakkwato, ga kuɗin mota ga na magani wata bayan wata. In aka rufe gidan mari ba a buɗe masa wata ƙofa ba, zai sayi sarƙa ya ɗaure ɗan a bayan ɗaki, inda ko 'yan sanda ba za su gani ba. Saboda haka duk mai murnar rufe gidajen 2019 ya tambayi kansa ina mutanen suka koma.

Ku 'yan'uwa da za a tura ma'aikatar lafiya ko ta jin daɗin jama'a ko sakatariyar ƙaramar hukuma, wata rana fayil zai zo teburinku, wani yana neman izinin buɗe gidan kula da tsofaffi ko gidan gyaran hali. Kafin ku sa hannu ku tashi ku je. Kada ku aika da sanarwa, don in kun aika za a yi shara a yanka muku kaza. Ku je da azahar cikin bazara, ku sake komawa bayan isha'i, ku ƙirga ma'aikata nawa ne suke kwana da mutum nawa, gama mace ɗaya ba ta iya juya mutum talatin kowace sa'a biyu ko da waliyyiya ce. Ku tambaya yaushe rabon a biya su albashi, domin mai jinyar da ta yi wata biyar ba a biya ta ba, a kan wanda ba ya iya ramawa take hucewa. Ku nemi littafin da ake rubuta waɗanda suka mutu, in an ce babu, to, kun ga abin da kuka zo gani. Ku sami majinyaci shi kaɗai, ba mai gidan a tsaye a kansa ba. Kuma duk gidan da ya ce dangi ba sa ganin nasu sai ranar da aka yanka musu, kada alƙalaminku ya taɓa takardarsa.

Sauranmu kuma da ba mu riƙe da fayil, akwai hutu yana zuwa. Yawancinku akwai tsoho ko tsohuwa a gida wanda kuke aika wa gaisuwa ta waya ana ce muku jiki da sauƙi. In kun je, kada ku tsaya daga bakin ƙofa ku durƙusa ku ajiye leda ku fita. Ku shiga, ku buɗe taga, ku duba ta wane hannu aka ajiye ruwa. Namiji ya sami kakansa, mace ta sami kakarta, a ɗaga zane a dubi baya da kwatangwalo da diddige. Na san da kunya, ni ma kunyar ce ta sa na yi ta gaisuwa daga nesa. Sa'an nan ku zauna da yarinyar da aka bar wa jinyar, ku nuna mata yadda ake juyawa da yadda ake tayar da mutum zaune kafin a ba shi kunu, ku tambaye ta ita ma yaushe rabonta da barci, yaushe rabonta da makaranta.

Malam Shugaba, na ga kana duban agogo. Abokina na baya kuma ya ɗaga hannu tun ɗazu, ina roƙo a fara ba shi dama.